Baƙin da Suka San Sunan Wule

A bayan garin Shinaka, a ƙasar Goronyo, akwai wata 'yar ruga. A nan wata yarinya take zaune da iyayenta. Sunanta ya kwance mini, amma labarinta yana nan a raina. Tana aji ɗaya a ƙaramar sakandare. Ita ce ta fara shiga boko a gidansu.

Babanta makiyayi ne. Ba shi da gona, ba shi da shago. Shanunsa su ne ci da shan gidan. Yayanta Sajo ne yake kai su kiwo. Hamma take ce masa, wato yaya. Innarta kuwa tana tatsar nono, ta kaɗa shi, ta fitar da man shanu. Mai ne mai ƙamshi. In aka ɗiga shi a miyar kuka, har maƙwabta sai sun sani.

Amma zamanin ba na kwanciyar hankali ba ne. Ɓarayin shanu suna yawo a kan babura, da bindigogi a kafaɗa. Rugage da yawa sun watse. Inna ta daina zuwa kasuwar Goronyo don tsoron hanya. Man shanu ya taru a ƙorai, ba mai saye.

A gidan akwai wata doka da ta girmi Baba kansa. Ba a faɗin yawan shanu. Ba a gaya wa baƙo inda suke kwana, ko inda suke shan ruwa. Wata rana yarinyar ta tambayi dalili.

Baba ya ce, "Hakanan munka ishe, ɗiyata. Wanda yas san yawansu yau, gobe shi biɗi sanin inda sunka kwana."

Ta ce to. Amma a ranta ta ɗauka tsohon yayi ne kawai.

Sajo yana da babbar waya, irin wadda ake shafawa da yatsa. Bai iya karatun boko ba. Kira yake yi da ita, sai sauraron wa'azi. Ruga babu wutar lantarki. Duk ranar da cajin wayar ya ƙare, yarinyar ce take kai ta wurin mai caji kusa da makaranta. In an tashi sai ta karɓo.

Wata rana ƙawarta Zubaida ta gan ta da wayar.

"Ke, wagga wayar wa ta?"

"Ta Hamma Sajo ta."

Zubaida ta riƙe baki. "Kuna da waya awa wagga, Innarku tana kukan rashin ciniki? Yayata ko ƙohwar gida ba ta hita. Hijabi da turare dut cikin waya ta saida su. Had daga Sakkwato ana saye."

"Ƙaƙa ana yi?"

"Kawo ki gani, 'yar daji."

Suka zauna a gindin bangon aji. Zubaida ta buɗe mata shafi a dandalin da mutane suke sa hotuna da bidiyo. Ta nuna mata inda ake ganin mabiya. Mabiya su ne waɗanda suka danna don su riƙa ganin duk abin da ka sa.

Zubaida ta ce, "In mabiyanki sunka yi yawa, ciniki ya zo. Shi ke nan."

Yarinyar ta koma gida da murna. Ba ta gaya wa kowa ba. So take yi sai an fara saye, sannan ta ba Inna mamaki.

Ta ɗauki hoton man shanu a farar ƙwarya. Ta rubuta a ƙasa cewa mai kyau ne, babu haɗi. Ta jira. Mabiyanta ba su wuce Zubaida da yayarta da 'yan ajinsu ba. Ba wanda ya saya.

Zubaida ta yi mata dariya. "Wa zai tsaya kallon ƙwarya? Sa shanu mana! 'Yan birni suna son ganin shanu."

Ranar Asabar yarinyar ta bi Sajo kiwo. Da rana ta yi zafi ya kora garken zuwa mashaya. Wani ɗan tafki ne a bayan tudu, kusa da wata tsamiya da tsawa ta tsaga gida biyu. Mutane kaɗan ne suka san wurin.

Ta ɗaga wayar.

Sajo ya ce, "Tsaya in gyara malahwata. Kada ki ɗauke ni awa mahaukaci."

Ya gyara malafarsa, ya ɗora sanda a wuya, yana dariya. Shi a zatonsa hoton nasu ne su biyu.

Yarinyar tana ɗauka tana magana. "Ga Hamma Sajo. Ga tsamiyarmu. Waccan mai farin goshi ita ce Wule, uwar garke. Tana da tsohon ciki."

Da ta sami sabis a kan tudu, sai ta sa bidiyon a shafinta. Mabiya suka ɗan ƙaru. Ta ji daɗi, amma ba su kai yadda take so ba.

Sai wani saƙo ya shigo daga wanda ba ta sani ba. An rubuta: "Kina son mabiya dubbai? Sauke wannan manhaja. Kyauta ce. 'Yan kasuwa duk ita suke amfani da ita."

Manhaja ita ce ƙaramin abin aiki da ake sawa a cikin waya. Yarinyar ta danna. Manhajar ta tambaye ta ko ta yarda a ga hotunanta. Ta danna ta yarda. Ta tambaye ta ko ta yarda a ga lambobin da ke wayar. Ta yarda. Ta tambaye ta ko ta yarda a san inda take. Ko karantawa ba ta gama yi ba, ta danna.

Washegari mabiya suka yi ta zuba. Ta kasa yarda da idonta. Amma da ta duba su, sai murnarta ta ragu. Yawancinsu ba su da hoto. Sunayen wasu ba ya karantuwa. Wasu suna tallan magani. Wasu suna rubuta mata maganar banza, irin wadda ba a faɗa wa yarinya. Ta cire wasu, wasu suka maye gurbinsu. Ba ko ɗaya da ya tambayi man shanu.

Sai mutum ɗaya. Ya kira kansa Alhaji Mai Kiwo. Babu fuskarsa a shafin, sai hoton wata farar mota. Maganarsa da ladabi.

Ya rubuta, "Sannu 'yata. Allah ya yi miki albarka, kina taimakon iyaye. Zan sayi man shanun nan gaba ɗaya."

Yarinyar ta yi tsalle ita kaɗai a bayan bukka.

Bayan haka ya riƙa turo saƙo. Yau ya yabi Wule. Gobe ya tambayi lafiyar Sajo. Daga nan ya ce, "Ni babban ɗan kasuwa ne. Kullum nake son mai, ba sau ɗaya ba. Sai na san ko shanunku za su iya. Su nawa ne?"

Ta tuna da dokar Baba. Ta ajiye wayar. Ta sāke ɗauka. Ta ce a ranta, "Ai wannan ciniki ne. Kuma yana can birni, me zai yi da su?"

Da maraice shanu suka dawo. Ta tsaya a bakin shinge tana ƙirga su da yatsa a ɓoye. Ta rubuta masa. Ni ba zan faɗi yawan a nan ba, don ba a faɗi.

Ya ce, "Masha Allah. A ina suke kwana? Ina so in ga ko wurin yana da tsabta."

Ta ɗauki hoton garken ta tura.

"Wa ke tsaronsu? Akwai 'yan sa-kai a kusa?"

Ta rubuta, "Hamma Sajo ne kawai. 'Yan sa-kai suna cikin gari."

Ya ce, "Madalla, 'yata."

Ba a daɗe ba, wata rana Sajo ya dawo da shanu tun rana ba ta yi sanyi ba. Bai taɓa yin haka ba. Ko ruwa bai sha ba ya wuce wurin Baba. Baffa Lauwali, ƙanen Baba, yana nan zaune a tabarma. Yarinyar tana wanke ƙorai kusa da su, tana jin komai.

Baba ya ce, "Lahiya? Mi yak koro ka yanzu?"

Sajo ya ce, "Baba, wasu mutane biyu nig gani mashaya, bisa babur. Sun ruhe huska da rawani."

"Masu wucewa na, wataƙila."

"A'a, Baba. Ɗayan ya kira ni da sunana. Yac ce, 'Sajo, Wule ba ta haihu ba har yanzu?' Sannan sunka yi dariya, sunka tahi."

Inna ta ajiye faifan da ke hannunta. Ƙwarya ta suɓuce wa yarinyar, ta faɗa cikin ruwa.

Baffa Lauwali ya ce, "Baƙo bai san sunan saniya ba. Wani na kusa na yab ba su labari."

Baba ya ce, "Wa?"

"Wa kuwa, in ba Gambo ba? Ka manta bara?"

Gambo manomi ne, gidansa yana cikin gari, gonarsa tana kusa da ruga. Bara wata karsanar Baba ta shiga masa wake. Aka yi cacar baki, har sai da mai gari ya sulhunta su. Tun daga nan gaisuwarsu da Baba ta yi sanyi.

Baba ya ce, "Kada mu ɗauki alhakin mutum, Lauwali."

"Alhaki? Gobe da maraice ni kai sunanai wurin 'yan sa-kai. Su sun san yadda za su tambaye shi."

Yarinyar ta san abin da ke samun wanda aka kai sunansa haka. Ta so ta faɗi gaskiya, tsoro ya hana ta. Inna ta zuba mata tuwo, ta kasa ci.

Inna ta ce, "Ke, mi ad damun ki?"

"Cikina na, Inna."

Da safe aka tashi da abin murna kaɗan. Wule ta haifi maraƙi ja, mai farin goshi irin nata. Amma ba wanda ya yi dariya sosai. Sajo ya ce yau kusa da gida zai yi kiwo.

Yarinyar ta tafi makaranta da wayar a jaka. Darasin farko na Malama Juwairiyya ne, mai koyar da ilmin kwamfuta. Makarantar ba ta da kwamfuta ko ɗaya, a allo Malama take zana ta. Ranar yarinyar ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Da aka fita tara, ta zauna ita kaɗai, ta kifa kai a benci.

Malama ta dafa kafaɗarta. "Ɗiyata, yau ko hannu ba ki ɗaga ba. Mi yaf faru?"

Sai yarinyar ta fashe da kuka. Ta ciro wayar ta miƙa mata. Tana kuka tana ba da labari, tun daga ƙwaryar man shanu har zuwa mutanen babur.

Malama ta zauna. Ta duba shafin. Ta duba mabiyan. Ta karanta saƙonnin Alhaji Mai Kiwo ɗaya bayan ɗaya. Fuskarta ta canza.

"Kin taɓa ganin mutumin ga?"

"A'a, Malama."

"Kin taɓa jin muryatai?"

"A'a."

"Ya sayi man shanun?"

Yarinyar ta girgiza kai.

Malama ta ce, "Mabiyan ga da kig gani, yawancinsu ba mutane ba na. Sunaye na na ƙarya, an ƙirƙire su. Manhajar ga kuwa ba don Allah anka ba ki ita ba. Kin buɗe mata wayar duka. Muddin wayar tana kunne, mai ita shina iya sanin inda kuke."

Suna cikin magana wani saƙo ya shigo. Alhaji Mai Kiwo ne. Ya rubuta: "'Yata, yau ma a wurin nan za su kwana? Zan turo yarana su ɗauki man."

Malama ta miƙe tsaye. "Kada ki amsa."

Ta ɗauki hoton saƙonnin da tata wayar, don a nuna wa mai gari da jami'an tsaro. Ta goge manhajar. Ta rufe shafin. Ta kashe wayar gaba ɗaya.

"Tashi mu tahi wurin Babanki."

Yarinyar ta riƙe benci. "Malama, kashe ni za shi yi."

"Ba shi kashe ki. Amma in kin yi shiru, yau ɗin ga ana iya kore shanunku duka. Kuma Sajo na tsakiyarsu. Wanne kiz zaɓa?"

Yarinyar ta saki bencin.

Malama ta gaya wa shugaban makaranta, ta tsayar da ɗan kabu-kabu, suka hau. Da suka isa ruga, Baba da Baffa Lauwali suna gindin bishiya. Malama ta yi sallama, ta durƙusa ta gaishe su. Inna ta kawo mata nono a ƙwarya.

Malama ta ce, "Baba, ɗiyarku tana da magana. Don Allah ku bari ta kai ƙarshe."

Yarinyar ta durƙusa. Muryarta tana rawa.

"Baba, ba Gambo ba na. Ni ta."

Ta faɗi komai. Ba ta rage ko ɗaya ba. Baffa Lauwali ya zabura zai yi magana, Baba ya ɗaga masa hannu.

Baba ya dube ta. Sannan ya ce, "Kin nuna musu mashaya?"

"Na nuna."

"Da inda suka kwana?"

"I, Baba."

"Kin ƙirga su?"

Ta sunkuyar da kai. "Na ƙirga."

Inna ta ɗora hannu a ka. "Wayyo ni! Don man shanu? Da kin bari ya lalace, ɗiyar ga!"

Baba bai daki yarinyar ba. Bai zage ta ba. Da ya yi ɗaya daga ciki, da ta fi jin sauƙi. Ya juya kawai ya ce, "Lauwali, kira Sajo shi koro su yanzu. Ka biya ka shaida ma Arɗo, shugaban rugagen ga, kowa shi kwashe iyali shi shiga gari. Mu ba mu kwana nan."

Malama ta ce ita za ta je wurin mai gari da saƙonnin. Baba ya yi mata godiya har bakin hanya.

Aka fara ɗaure kaya a kan jakai. Za su tafi wurin Kawu Attahiru, yayan Inna, can wajen Sisawa a ƙasar Wurno. Tafiya ce mai nisa. Abin da jaki zai iya ɗauka kawai aka ɗauka. Inna tana da manyan ƙorai masu zane, na aurenta, wasu ma na mahaifiyarta ne. Ta jera su a cikin bukka, ta rufe da tabarma. Ta ce in an kwana biyu a dawo a ɗauka.

Sai maganar Wule ta taso. Maraƙinta ko tsayuwa bai gama iyawa ba. Ita ma ba ta da ƙarfin doguwar tafiya. In aka bar ta a ruga, an ba ɓarayi. In aka jira ta, an rasa sauran.

Baba ya dubi Wule. Can ya saɓi maraƙin a wuya, ya ce wa yarinyar, "Jawo ta, ki biyo ni."

Suka shiga gari, har ƙofar gidan Gambo. Suka same shi yana gyaran buhunan albasa. Ya ɗago ya dube su, bai saki fuska ba.

Baba ya yi sallama. Ya ce, "Gambo, alhwarma niz zo biɗa. Amma sai na hwara da neman gahwara. Jiya mun zarge ka. Mun ce kai ab ba ɓarayi labarinmu. Saura kaɗan a kai sunanka."

Gambo ya saki buhun. "Ni? Ni da munka tashi tare? Kan mi?"

"Kan waken bara."

"Subhanallahi! Wake? Kan wake ni sai da maƙwabcina?"

Ya juya baya. Yarinyar ta ga yana share ido da hannun riga. Ta durƙusa ta ce, "Baba Gambo, laihina na. Ni nij jawo."

Gambo ya dube ta, ya dubi maraƙin da ke wuyan Baba. Ya yi ajiyar zuciya.

"Shigo da ita. Bayan rumbu ni ɗaure ta. In dai ina da rai, ba mai taɓa ta. Ku tahi, rana tana yi."

Bayan azahar garken ya kama hanya. Sajo yana gaba, Baffa Lauwali yana gefe. Yarinyar tana baya da Inna da jakai. Ta waiga ta ga bukkar da aka haife ta. Ta hango rufin makarantarsu daga nesa. Ko sallama ba ta yi da Zubaida ba.

Tafiyar ta yi wuya. Ƙaya ta huda mata takalmi. Ƙafarta ta yi bororo. Ƙananan maruƙa suna kuka, ana ɗaukar su ana sauke su. Duk ƙarar babur da aka ji, sai kowa ya tsaya cik har ya wuce. Sajo bai yi mata faɗa ba, amma ya daina yi mata wasa. Baba kuwa ko kallonta bai yi ba, har suka isa.

Kawu Attahiru ya karɓe su hannu biyu. Ya ba su fili a bayan gonarsa ta gero. Suka kafa sababbin bukkoki. Shanu duka sun iso, ko ɗaya bai ɓata ba. Wule ce kawai babu.

Yarinyar ta zama mai shiru. Tana ɗebo ruwa, tana share garke, tana yin duk abin da aka sa ta. Ba ta tambayi makaranta ba.

Bayan kwanaki, ran nan da hantsi sai ga wata a-kori-kura ta tsaya a bakin gona. Gambo ne a gaba. A baya ga Wule tsaye, ga maraƙinta ya yi ƙiba. Sajo ya ruga yana kiran sunanta. Ta amsa da kuka mai ƙarfi, sauran shanu suka ɗaga kai.

Bayan an gaisa an sha ruwa, Gambo ya ba da labari.

"Randa kunka tashi, ranan nan sunka zo. Babura da yawa. Sunka ishe garke wayam, rugage ba kowa. Sunka yi ta harbi sama don haushi. Kahin jami'ai su iso sun sa ma bukkoki wuta, sun gudu."

Baba ya ce, "An taɓa wani?"

"Ko akuya ba su samu ba. Kowa na cikin gari."

Kowa ya ce alhamdu lillahi. Inna ta matso a hankali. "Malam Gambo, ƙoraina fa?"

Gambo ya sunkuyar da kai. "Toka ta nit tarar, Inna. Ki yi haƙuri."

Inna ta tashi ta shiga bukka. Yarinyar ta bi ta, ta rungume ƙafarta tana kuka. Inna ta sunkuya. Sannan ta ɗago ta, ta share mata hawaye da gefen zane.

"Ƙwarya ana shuka ta, ta hito. Da Sajo na cikin wutar ga fa? Tashi, bar kuka."

Da maraice, lokacin tatsa, Baba ya tsaya kusa da Wule. Ya waiga ya ce, "Ke, zo ki riƙa min maraƙin ga."

Wannan ce maganarsa ta farko da ita tun barinsu ruga. Ta zo da sauri, ta riƙe maraƙin. Yana ta fizge-fizge yana lasar hannunta.

Ta ce, "Baba, ba ni ƙara taɓa waya. Ko boko ba ni komawa."

Baba ya ce, "A'a. Waya ba ta ƙirga shanuna ba, ke kiƙ ƙirga su. Kuma malamar da tac cece mu, ba boko tay yi ba? Na yi magana da Kawunki. Ranar Litinin shi kai ki makarantar nan."

Ta ɗago kai, ba ta yarda da kunnenta ba.

Ya ce, "Kin yi kuskure babba, mun rasa gida. Amma da kin yi shiru, da mun rasa komi. Kin zo kin hwaɗi gaskiya kina tsoro. Wannan ma ban manta shi ba. Na yahe miki, ɗiyata."

Sajo yana gefe yana saurare. Ya ce, "Ni ban yahe ba, Baba. Hoton da taɗ ɗauke ni, an ce awa ɗan tsako niy yi ciki."

Baba ya yi dariya. Inna ma ta yi daga bakin bukka. Yarinyar tana dariya tana share hawaye, har maraƙin ya kuɓuce mata ya ruga wurin uwarsa.

Ranar Litinin ta koma makaranta. Matar Kawu ta haɗa Inna da masu sayen man shanu a kasuwar Wurno, mutanen da aka san gidajensu. Ciniki ya dawo a hankali. Inna ta sayi sababbin ƙorai, yarinyar ce ta zaɓa mata zanen.

Yara, ga abin da za ku riƙe. Ba duk mai binku a waya ne masoyinku ba. Kada ku gaya wa wanda ba ku sani ba inda kuke kwana, ko abin da gidanku ya mallaka, komai daɗin bakinsa. Kada ku danna abin da ba ku gane ba don an ce kyauta ne. In za ku yi talla, ku yi da sanin iyayenku. In kuwa kun riga kun yi kuskure, ku faɗa wa babba tun da sauran lokaci, ko da muryarku tana rawa.